Ciyawar Shekara Uku

A garinmu, da zarar dawa ta nuna ciyawa ta bushe, kunnen kowa yana wajen wani ƙarfe. Tsohon ƙarfen ƙafar lori ne da aka rataye a jikin aduwar bakin gari. Ba a buga shi don biki, ba a buga shi don kiran taro. In ka ji ƙararsa, wuta ce ta tashi a bakin hanya, ka ajiye duk abin da kake yi ka fito.

Ƙauyen namu na Hausawa ne, a bakin kogi, kudu da Abu Hujar. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka. Wasu sun je sun dawo suka yada zango a nan, wasu kuma ƙasar ta riƙe su tun kafin su ga teku. Hanyar mota ta bi ta yammacin gari, tsakaninmu da ita akwai daji da gonaki. Ina saurayi lori ɗaya ko biyu ke wucewa a yini, har mukan gane su da kukan injinsu. Da aka fara aikin madatsar ruwa a Rusairis sai hanya ta cika. Siminti, ƙarafa, katako, lebura a saman kaya, tun safe har faɗuwar rana. Direba ya gaji ya tsaya a gindin itace, ya hura wuta ya dafa shayi, ya tashi ya bar garwashi yana ci. Wani ya jefo guntun sigari daga saman kaya. Wata lorin ma salansarta ce ke feshin tartsatsi tana tafiya. Ban taɓa ƙin direbobin nan ba, sun sha ɗaukata kyauta, kuma a bakinsu muke jin labarin duniya. Amma mutumin da bai taɓa shuka ƙwayar dawa ba, ba ya waiwayen wutar da ya bari.

Daga baya na ga masu kashe gobara na gwamnati a birni, da jar motarsu da hulunan ƙarfe, na tsaya na bi su da kallo har suka ƙule. Mu ba mu da ko ɗaya daga cikin wannan. Kayan aikinmu ɗanyen kaba ne, da tsofaffin buhunan da ake jiƙawa, da fartanya. Daga farkon kaka har ciyawa ta ƙare, kullum mutum ɗaya zai hau gadon itacen da muka ɗaura a saman aduwa ya zauna yana duban yamma, gida-gida ake karɓa-karɓa. In ya hangi hayaƙi ya sauko ya dinga dukan ƙarfe. Maza su ruga da kaba, mata su kora jakuna kogi su ciko salkuna, su biyo mu suna jiƙa mana buhu.

Gaskiya zan faɗa, ina son aikin nan. Ina son gudun, ina son ihun, ina son yadda mutum talatin za su jeru kafaɗa da kafaɗa suna dukan ƙasa tare, ka ce sussuka ake yi. Shirwa takan cika sama tana cafke farar da wuta ta koro, wani lokaci zomo ya fito a guje ya bi ta tsakanin ƙafafunmu, a rasa wanda zai bar layi ya bi shi. In an gama mu dawo baƙi ƙirin, ido kaɗai ke fari, mu faɗa kogi da kayan jikinmu. Sannan a zauna a gindin aduwa, a kawo asida, wato tuwon dawa irin na ƙasar, da miyar busasshiyar kuɓewa, a kawo shayi, a buɗe shafin tsiya: wane ne ya fi kowa ihu bai daki komai ba, wane ne wandonsa ya kama ya yi rawar da bai yi ba ranar aurensa. Mafi yawan gobarar nan ƙanana ne, kafin la'asar mun gama da su.

Mai ba da umarni a wajen wuta shi ne surukina, uban matata. Mutane suna ce masa Shehun Wuta, da wasa aka fara har abin ya bi shi. Gajere ne, siriri, hannunsa na hagu duk tabon ƙuna, girarsa kuwa wuta ta daɗe da cinye ta ba ta sake fitowa ba. Ba ya gudu. Muna gudu shi yana biye a kan jaki, mu fara duka, amma ba a sanin inda aka dosa sai ya iso. Ya sauka, ya ɗebi ƙaiƙayi daga aljihu ya watsa sama, ya ga inda iska ta kai shi, ya nuna da sanda: ku nan, ku can. A ɗaya aljihun kuma akwai wani ɗan gwangwani da yake ajiye ashana.

Ashanar nan ta wutar tarye ce. In gobara ta fi ƙarfin kaba, sai a sha gabanta, a sami wurin da ƙasa take tsirara a tsaya, a kunna wata wuta da gangan ta riƙa cin ciyawa tana komawa wajen babbar. In suka haɗu, babbar ta rasa abin ci, ta mutu. Aiki ne mai hatsari, kuma kullum ciyawar wani ce ke tafiya, saboda haka gari ya yarda mutum ɗaya kaɗai ke kunna ta. Na ga tsohon nan ya ƙone ta liman. Na ga ya ƙone ta ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, ƙanen yana tsaye yana rantse-rantse, shi kuwa ko dubansa bai yi ba.

Baƙo zai ce, don ciyawa ake rantsuwa? To, a wajenmu ciyawa dukiya ce, saboda wani irin noma da muka koya wajen mutanen ƙasar, ana ce masa harig. Ƙasarmu baƙar laka ce mai ƙarfi, amma ciyawarta ta fi dawa saurin tashi, mutum ɗaya da fartanya ba ya iya wa babbar gona. Sai ka zaɓi fili ka ƙyale shi. Ciyawa ta fito ta bushe ta kwanta, wata ta fito a kanta ta bushe ta kwanta, shekara uku ba ka bari wuta ko dabba ta taɓa ta. A damina ta huɗu, in ruwan farko ya sauka, duk irin ciyawar da ke ƙasa ya tsiro ya leƙo ta cikin tsohuwar, sai ka jira kwana biyu ko uku rana ta busar da saman, ka sa wuta. Tsohuwa ta ƙone sabuwa ƙurmus. Ka bi toka da sandar shuka ka zuba dawa, shi ke nan, ba noma ba maimai, sai girbi. Dawar harig takan ɓoye mutum a kan jaki. Amma in wuta ta riga ka, ta ci ciyawar da rani kafin sabuwa ta tsiro, ka yi asarar shekara uku, don irin yana nan kwance a cikin tsagar ƙasa yana jiran ruwa.

Nawa harig ɗin yana tsakanin dajin bakin hanya da masussukar gari, wato filin da kowa ke tsibe dawarsa kafin a sussuke. Ina da 'yar gona a bakin kogi, amma ba ta kai mu shekara. Saboda haka duk rani nakan tafi tsinkar auduga a gonakin Jazira, can hayin Rufa'a, wata uku ina kwana a bukkar kara. In dawo yatsuna duk sun tsattsage, ƙaramar 'yata ta gan ni ta ɓuya a bayan uwarta kamar ta ga baƙo. Wannan ɓuyar ta fi tsagar yatsun ciwo. Abin da na sa a raina ke nan: in harig ya yi, in cika rumbu, in yi rani a gidana.

Na ƙosa har na gina rumbun tun ciyawa tana shekara biyu. Ina da taubashi, ɗan ƙanwar babana, sa'ana ne, Allah ya hore masa baki ya hana shi kunya. In ya shigo gidana sai ya wuce ni ya je ya ƙwanƙwasa jikin rumbun, ya kara kunne, ya ce, "Salamu alaikum, mutanen ciki!" Ya yi jim, sannan ya juyo ya kira ni da "ya zol", yadda mutanen ƙasar ke cewa "kai, mutumina". "Ya zol, rumbun ga naka ya hi na kowa lahiya. Ko ɓera bai zuwa gaisuwa."

Nakan ce masa ya jira, ranar da ya cika ko ƙwaya ɗaya ba zai gani ba. Ko a jikinsa.

Da yamma nakan je in zagaya ciyawar. In cusa hannu a cikinta har gwiwar hannu kafin in taɓa ƙasa, in ji ƙasan da sanyi ko da rana ta yini tana duka. Na san inda ta fi kauri, na san inda tururuwa suka ci suka bar rami. Na sha faɗa da makiyaya a kanta, na taɓa bin wani raƙumi da gudu har na bar takalmi ɗaya a daji. Matata takan ce da ciyawar nan tana magana da ita za a riƙa kai wa tuwon dare.

Kowane mai harig yakan yi masa zobe, wato ya nome gefensa kewaye ya bar ƙasa tsirara yadda wuta ba za ta tsallaka ba. Abin da aka saba taku goma ne. Nawa taku huɗu na yi, don duk takun da na share ciyawata ce ta ragu, kuma ni a lokacin rowar ciyawa ta kama ni har wuya. Surukina ya bi ta wajen a kan jakinsa ya gani. Amma shi da kansa ba zai faɗa mini ba.

Shekara tara da auren 'yarsa, ban da gaisuwa ba abin da ya taɓa shiga tsakanina da shi. In na hango shi in tuɓe takalmi in durƙusa daga nesa, in ce, "Baba, ina kwana," ya amsa yana duban wani wuri, in tashi in wuce. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa kiran nawa ba. A wajen kashe wuta ma, in zai sa ni aiki sai ya ce da na kusa da ni, "Kai da wancan ku tare kudu." Ba ƙiyayya ba ce. Haka muka tarar ana yi tsakanin mutum da surukinsa, kuma ni ban ga wahalarsa ba, kunya tana hutar da mutum daga gardama mai yawa. In da magana, matata ce ke kai ta ta kawo ta.

Ita ce ta dawo daga gidansu wata safiya ta ce, "Baba ya ce a hwaɗa ma mutumin gidan ga, zobenai bai kai ba."

Na ce, "To, ki ce na ji."

Na je na ƙara taku ɗaya, shi ma da ƙyar, kamar ana yankar naman jikina. Na ce a raina, tsoho ne, ya ga wuta da yawa har yana ganinta inda babu ita.

Ranar da abin ya faru, an gama yankan dawar gari kaf, an tsibe ta a masussuka, ko ƙwaya ɗaya ba a sussuke ba. Bayan azahar ina bakin kogi ina ba albasa ruwa na ji ƙarfe. Yadda mai bugun ke bugawa ba tsayawa ya sa na yar da guga. Daga baya aka ce wata lori ce ta lalace, masu ita suka dafa shayi suna jiran gyara. A shekarar an yi ruwa sosai, ciyawar daji ta kai ƙirji, iska kuma tana busowa daga wajen hanya da ƙarfi, kai tsaye zuwa gari.

Mun yi duka har kaba ta ƙone a hannunmu muka koma buhu. Wutar ba ta ko san muna yi ba. Akwai wani busasshen kwazazzabo da muka sa rai zai tare ta, ta tsallake shi muna kallo. Muka riƙa ja da baya, muna duka muna ja, zafi yana gasa mana fuska, har na ji dugadugina sun taka ƙasa tsirara. Na duba, ashe zobena ne.

Surukina ya iso, ya watsa ƙaiƙayi sau uku, duk ukun iska ta kwashe shi ta kai cikin ciyawata. Ya bar rabin mutane suna rage wa wutar gudu, ya ce da taubashina, "Kai da wancan ku biyo ni." Muka zagaya ta ɗaya gefen, inda turbar jakuna ta raba harig ɗina da masussuka. Sauran mutane suka biyo mu. Mata suna can tsaye da jakunan ruwa a tsakanin tsibin dawa.

Ba wanda ya buƙaci bayani. In wutar ta tsallake zobena ta shiga ciyawar shekara uku da iska a bayanta, harshenta zai wuce aduwa tsawo, tartsatsinta kuma a kan abincin gari zai zuba. Da zoben taku goma ne, da mun tsaya a can mun riƙe ta. Da taku biyar, wataƙila a riƙe, wataƙila ta wuce. Abin da ya rage shi ne a kunna wutar tarye daga bakin turba, a ƙone tawa tun babbar ba ta iso ba.

Tsohon ya ciro gwangwanin, ya buɗe, ya rufe. Ya sake buɗewa. Ban taɓa ganin haka ba, ba kuma wanda ya taɓa gani. Tsakanina da shi bai wuce taku uku ba, taubashina yana tsakiya.

Ya ce da taubashina, "Tambayi mai gonar ga, taku nawa na zobenai wajen hanya?"

Taubashina ya juyo, ba alamar dariya a fuskarsa. "Ka ji Baba. Taku nawa?"

Na ce, "Ka ce mishi biyar."

"Biyar, Baba."

Ya riga ya sani, da idonsa ya gani. Hayaƙi yana wucewa ta kanmu. Sannan ya ce, "Tambaye shi, in munka tsaya can, shina ganin muna riƙe ta?"

A rayuwarsa bai taɓa tambayar mai ciyawa ba. Liman bai sami wannan tambayar ba, ƙanensa bai samu ba. Nan take na gane ƙofa ce ya buɗe mini. In na ce e, zai kwashi mutanen nan ya kai su zobena su tsaya, ya sa dawar gari duka a hannun iska saboda ni, saboda 'yarsa da jikokinsa. Ko an riƙe ko ba a riƙe ba, har ya mutu za a riƙa cewa Shehun Wuta ya ƙone ta kowa, da aka zo kan ta gidan 'yarsa hannunsa ya mutu.

Wallahi na so in ce e. Kalmar ta cika mini baki. Na tuna bukkar kara da sanyin asubar Jazira, na tuna rumbuna. Sai na dubi masussuka. Na san tsibin kowa: ga na liman, ga ɗan ƙarami na wata bazawara da ta noma ita kaɗai, ga jar dawar surukina a can gefe. Matata tana tsaye kusa da jakinmu, ta riƙe bakin salka, idonta a ƙasa.

Na ce da taubashina, "Ka ce ma Baba ba mu riƙe ta. Ka ce mishi ya kunna."

Ya maimaita, ko da yake ba wanda bai ji ba. Tsohon bai kunna ba. Ya miƙa wa taubashina gwangwanin ya ce, "Ba shi. Shi yas san inda ta hi kauri. Yalla, maza."

Taubashina ya yi taku biyu ya danƙa mini.

Ashana ta farko iska ta kashe ta. Ta biyu na kare da jikina. Na murɗe ciyawa na kunna, na bi bakin turba a guje ina ja, ina cusawa inda na san ta fi kauri, wuraren da na saba cusa hannu da yamma. Mutane suka biyo ni da jiƙaƙƙun buhuna suna kashe duk wadda ta nemi juyowa wajen masussuka. Da farko wutata tana ci a hankali, tana gardama da iska. Can sai babbar ta tsallake zoben, kamar yadda tsohon ya hango, ta shigo ta ɗaya gefen, ta ja tawa da ƙarfi. Suka haɗu a tsakiyar gonar da wata irin ƙara da na ji har cikin haƙorana. Toka da tartsatsi suka riƙa zubowa. Mata suka hau kan tsibin dawa da buhuna suna bugu, wuri biyu ya kama, duka aka kashe. Sai kuma shiru, sai tari.

Ranar ban bi su kogi ba, ban je gindin aduwa ba. Na zauna a bakin turba ina kallon baƙin fili har hanya, ba abin da ke tsaye sai hayaƙi nan da can. Na ji haushin direbobi, na ji haushin iska, na ji haushin tsohon da ya sa ni na yi da hannuna. Duk inda na kai haushin sai ya dawo kan taku biyar ɗin da na hana. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Kafin magariba taubashina ya zo da kwanon asida ya zauna kusa da ni. Ya daɗe bai ce komai ba, abin da ban san ya iya ba. Can ya turo kwanon ya ce, "Ci, ya zol. Rumbu dai shina nan lahiya lau, na biya na gaishe shi."

Na zage shi, dariya ta kuɓuce mini, na ci.

Washegari na ba matata gwangwanin ta mayar. Ta je ta dawo da shi a hannu. Ta ce, "Baba ya ce ba nashi na ba. Ya ce idanunai sun yi rauni, a bar ma mai ƙahwa." Na karɓa na jefa shi cikin rumbu, na ji ya faɗa ƙasa yana ƙara. Shi ne abu na farko da ya fara shiga rumbun nan.

Da aka gama sussuka na ɗaure tabarmata na tafi auduga kamar kullum. Na dawo yarinyar ta ɓuya kamar kullum.

Ruwa ya sauka, na shuka filin duk da haka, tun da yana nan. Dawa ta fito, ciyawa ta fito tare da ita, irin shekara uku da ke kwance a cikin tsaga duk ya tashi lokaci ɗaya. Cikin kwana goma ba ka gane layin shuka. Na yi kwana uku ina noma tun safe, abin da na share bai fi tsakar gida ba, in na waiwaya kuma wata na tasowa a inda na baro. Ba zan iya kiran gayya ba. Mai gayya yana yanka akuya, ni ba ni da ita, kuma lokacin kowa yana fama da tasa gonar. Bayan haka ma, da wane ido zan kira mutanen da suka san taku biyar? Na yanke shawara in riƙe kusurwa ɗaya in bar wa ciyawa sauran, in shirya wa wata audugar.

A rana ta huɗu, na dawo daga sallar asuba gari yana wayewa, na ji ƙarfe. Da damina, duniya duk kore shar, ƙasa jiƙe. Ban tsaya tunani ba, jiki ya saba, na fizgi buhu na ruga. A gindin aduwa ba kowa sai taubashina, yana ta dukan ƙarfe shi kaɗai, baki har kunne.

Na ce, "Kai, ka haukace? Ina wutar?"

Ya ce, "Gonarka. Kalas, ya isa, aje buhu ɗauko hauya. Baba yac ce a buga."

Daga bakin turba na hango su. Mazan da muke tsayawa tare a gaban wuta, sun jeru kafaɗa da kafaɗa daga wannan gefen gonar zuwa wancan, kowa da fartanya, har sun ci taku ashirin. Mata suna tafe da ƙore a ka. Liman yana ciki, ƙanen surukina mai rantse-rantse yana ciki. A ƙarshen layin kuma ga wani gajeren tsoho, ya ɗaure jallabiya a ƙugu, ya sunkuya.

A wajenmu mijin 'ya ne ke noman gonar surukinsa. Na yi masa damina tara, haka kowa ke yi wa nasa. Ban taɓa gani ba, ban taɓa ji ba, a ce uba ya riƙe fartanya a gonar mijin 'yarsa. Na tuɓe takalmi, na durƙusa a cikin laka daga nesa, na ce, "Baba, ina kwana."

Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ya dube ni, a fuska. Ya ce, "Lahiya lau. Tashi, ɗana. Zaka nan kusa gare ni, nan ciyawa ta hi yawa."

Na waiwaya in ga da wa yake. Taubashina yana can ɗaya ƙarshen gonar. Ba kowa a bayana.

Na yi noma a gefensa har rana ta take. Ƙarfinsa ya ragu, layinsa yana yin baya, sai na riƙa cin rabin nasa ina haɗawa da nawa, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Bai ƙara ce mini komai ba, ni ma ban ce ba. Da aka kawo abinci na ɗauki nawa na koma bayan wata magarya, don har yanzu ba zan iya ci a gabansa ba, kuma ina son wurin da ba mai ganin idona.

Sau biyu aka buga ƙarfen don noman gonata a daminar nan. Rumbun bai cika ba, amma ya wuce rabi, kuma da ta bakin kogi ya isa. Kafin a zuba dawar na shiga ciki na lalubo gwangwanin na sa a aljihu. Na zaɓi wani filin na fara barin sabuwar ciyawa, zobenta taku goma sha biyu, taubashina ya auna da ƙafarsa ya ce har yanzu rowa ce, juya ta kawai na yi.

Da rani ya kama, lorin masu auduga ta zo ta tsaya a bakin hanya tana ta oda, mutane suna hawa da tabarminsu. Ranar ni ke saman aduwa. Na bi ta da kallo har ta tashi, na duba inda ta tsaya ko an bar garwashi, ban ga hayaƙi ba. A ƙasa ƙaramar 'yata tana zaune da kwano a cinya, ta ɗaga kai tana ce mini in sauko, tuwo yana hucewa.